Amanar da Inna Ta Bari a Kan Kuka

Da hantsi kakata ta rasu, kafin la'asar mun dawo daga maƙabarta. Mahaifiyar babana ce, amma duk Gyaɗi-Gyaɗi Inna ake ce mata, har waɗanda suka girme 'ya'yanta. Muna dawowa aka kafa rumfa a ƙofar gida, aka shimfiɗa tabarmi, mutane suka fara zuwa.

Kowa da Innar da ya sani. Mahautan Unguwa Uku, abokan sana'ar marigayi kakana, tare suka zo. Babbansu ya ce tun da yake bai ga hannun da ya iya wanke tumbi kamar nata ba, in ta gama sai ka rantse farin yadi ne. Ma'aikatan jinya sun zo daga asibitin koyarwa da kayan aikinsu a jiki. Wani dattijo da ba wanda ya gane shi ya sauka daga adaidaita sahu, ya zauna a gefen tabarma yana ta share hawaye. Sai can ya ce matarsa ta taɓa doguwar jinya a asibitin, shi kuma a baranda yake kwana, kullum sai wata tsohuwa ta aika masa da farfesu, ba ta taɓa tambayar ko sunansa ba. Liman ya ce mace ce mai tsafta da kame baki. A nan na ga Baffa, ƙanin mahaifina, ya sunkuyar da kai yana ɓoye murmushi. Tsaftar gaskiya ce. Kame bakin kuwa, sai dai a ce Allah ya jiƙanta.

Na shiga cikin gida ɗauko ruwa, sai na tarar da maƙwabciyarmu a tsakiyar mata. Nas ce, Kirista, 'yar Kudu, ta daɗe a unguwar har Hausarta ta fi ta wasunmu. Sista muke ce mata. Kuka take yi ba ɓoyewa, ta kama hannun Goggo, 'yar Inna ta fari, ta ce:

"Yanzu wa zai kula mata da ungulunta?"

Akwai surukai, akwai baƙi daga nesa. Goggo ta zare hannunta a hankali ta ce, "Sista, ungo ruwa ki sha."

Iyakar abin da aka faɗa ke nan a kan ungulu a duk gaisuwar da aka yi mana. Shi ya sa na zauna rubuta wannan. A ranar da Inna ta rasu akwai ungulu biyu a kan kukar bayan gidanmu, su kaɗai suka rage a duk inda na sani a Tarauni, kuma ta bar su amana a hannun mahaifina, a gabana. In aka tuna farfesunta aka manta wannan, ina ganin rabinta kawai aka tuna.

Ina so in faɗi tun yanzu cewa ban rubuta don in tozarta kowa ba. Mahaifina mutumin kirki ne, shi ya yi ɗawainiyar karatuna, shi ya yi jinyar Inna har ƙarshe. Akwai wuraren da wataƙila na fahimta ba daidai ba, kuma zan nuna su in na zo kansu.

Bayan gidanmu akwai tsohon kududdufi da shara ta cinye rabinsa, a bakinsa akwai wata tsohuwar kuka. Ƙofar baya ta ɓangaren Inna can take kallo. Tun kakana yana raye sana'arta ke nan: a kawo mata kayan ciki daga mayanka, ta wanke, ta dafa, ta sayar. Tana zama a kan kujerar tsugunno da wuƙa da daro biyu. Mai kyau ya shiga ɗaya, jijiya da ɓawo da abin da ba ya ciwuwa su shiga ɗayan. Kafin ta gama, ungulu sun jeru a kan katanga, sun ƙanƙame kafaɗu suna jira. Ba sa sauka sai ta ɗauki daron ta fita ta watsa a gindin kuka.

"Ku sauko, ma'aikata," haka take ce musu. In ka tambaye ta sai ta ce duk Kano su kaɗai ne ma'aikatan da ba su taɓa yajin aiki ba.

Ina yaro tsoronsu nake ji, musamman jan wuyan nan nasu da ba gashi. In na maƙale a bayanta sai ta ture ni da gwiwar hannu.

"Maigidana, tsoron me kake ji? Ai ba ka mutu ba tukuna, ba ruwansu da kai."

Maigida take ce mini, irin wasan kaka da jika, kuma ba ta daina ba har na fara furfurar wahala a gemu. Takan ce ta yi asarar miji, namiji har namiji amma ko kaza ba ya iya yankawa.

Mutanen gida ba sa son tsuntsayen. Goggo ta sha roƙonta ta riƙa zubar da tarkacen nesa da gida, wai ƙawayenta suna mata dariya. Amsar Inna ɗaya ce koyaushe: "Ku kuka zubar, su suka kwashe, amma su ne ƙazamai?" Ranar da dangin mijin Goggo za su zo gaisuwa, an tashi yara su kore su da duwatsu. Inna ta fito da muciya a hannu, yaran ne suka gudu. Ta ce duk wanda ya zo neman 'yar mahauta yana ƙyamar ungulu, to tun wuri ya nemi 'yar mai turare.

Ban sani ba ko daidai ne a ce tana ƙaunarsu. Ba ta taɓa shafa ko ɗaya ba, ba ta sa musu sunaye ba. Abin ya fi kama da yadda mutum yake da maƙwabcin da suka daɗe: kowa ya san lokacin fitar kowa, kowa ya san hakkinsa.

Ina sakandare aka yi abin da ya raba ta da 'ya'yanta na wani lokaci. Karnukan da ba su da masu su sun yi yawa a bakin kududdufi, har ɗaya ya ciji wani yaro. Aka shiga tsoron haukan kare, kuma tsoron ba na banza ba ne, Sista da kanta ta ce ta ga masu wannan ciwo a asibiti kuma ba ta fatan ta sake gani. Mazan unguwa suka yi shawara a kashe karnukan. Wani ya kawo maganin ƙwari irin wanda manoma ke barbaɗawa a gona, tsaki-tsaki, mai duhun launi. Saura nama. Mahaifina da Baffa suka shigo wurin Inna da yamma, ina zaune ina taya ta tankaɗe yaji.

Ta saurare su har suka gama, sannan ta ce, "Zan ba ku. Ran yaro ya fi na kare. Amma da sharaɗi. Duk karen da ya mutu, ku binne shi tun da sanyin safiya, rami mai zurfi. In rana ta ɗaga ma'aikatan nan za su sauko, kuma abin da ya kashe kare ba zai bar su ba."

Baffa ya ce, "Haba Inna, ai wannan ba sai kin faɗa ba."

"Na faɗa dai. Kai fa, babban?"

Mahaifina ya ce, "Za a binne, Inna."

Washegari Juma'a ce. Karnukan sun mutu yadda aka so, a warwatse a kan juji. Abin da na gane daga baya shi ne, ba wanda ya yi niyyar saɓa mata. An yi da wani mai baro zai zo ya kwashe, bai zo ba. Maza suka taru daga nesa suna kallo, kowa na jiran wani. Mushe ne, kuma mushen kare, ga shi ranar Juma'a, wasu sun riga sun yi wanka, an goge fararen kaya. Wa zai sa hannu? A unguwarmu kuwa ba a taɓa binne mushe ba tun da nake. Akuya ta mutu, jaki ya mutu, a ja shi bakin kududdufi, kafin yamma ya zama ƙashi. An saba har ba a ganin aiki ne wani yake yi. Na ji da kunnena wani ya ce, "Ku bar su kawai, ungulu za su share." Aka watse aka tafi shirin masallaci.

Inna tana ciki tana aikinta, ta ɗauka an cika alkawari. Abin da ya fara ba ta mamaki shi ne ta gama yanka ba kowa a kan katanga.

Da muka sauko daga masallaci ungulu sun fara faɗowa. Wasu a kan jujin suka mutu, kusa da abin da suka ci. Wasu sun iya tashi zuwa kan kuka, daga can suke sulluɓowa ɗaya bayan ɗaya, sai ka ji tim. Waɗanda ba su mutu ba suna jan fukafukai a ƙasa, wuya ya lanƙwashe, baki yana dalala. Ban ƙirga ba, kuma ba zan faɗi adadin da ban tabbatar ba. Na dai san gindin kukar ya rufe.

Na tarar da Inna a can, ba takalmi, mayafinta ya zame. Sista ce kaɗai tare da ita, ta kawo safar hannu da gawayin da ta daka ta jiƙa, suna buɗe bakin masu sauran numfashi suna ɗura musu. Ba wadda ta tashi a cikin tsuntsayen. Maza suna wucewa da dardumansu a kafaɗa, su tsaya, su ce subhanallahi, su wuce.

Kafin la'asar wani baƙo ya iso, ban san wa ya kai masa labari ba. Ya durƙusa ya gaida Inna da ladabi, ya ce kawunan kawai yake so, akwai masu nema don haɗa magani.

Ta ce, "Guba suka ci. Wa za ka ba ya sha?"

"Hajiya, ai in an shanya an daka..."

"Ni ba Hajiya ba ce, mai wankin tumbi ce. Tashi ka ba ni wuri tun ina ganin girman gemunka."

Mijin Sista ne ya haƙa ramin. Aka zuba karnukan da tsuntsayen tare, Inna ta tsaya har aka danne ƙasar da duwatsu don kada baƙon ya dawo ya tone.

Ba ta yi wa 'ya'yanta faɗa ba, ita da ba ta iya shiru. Da magariba aka kai mata kwanon tuwo daga ɓangarenmu kamar kullum, ta ce a mayar. Ko murfin ba ta ɗaga ba. Washegari ma haka, na Baffa ma haka. Mahaifina ya je ya durƙusa a ƙofar ɗakinta ya ce, "Inna, tsautsayi ne."

Ta ce, "Tsautsayi shi ne abin da ba a faɗa maka ba. Da hannuna na yanka muku naman nan. Ma'aikatan nan sun san darona, sun san ƙofata. Kun sa na ci amanar maƙwabta."

"Inna, tsuntsaye ne fa."

"Ni ma ai tsohuwa ce kawai. Tashi ka je."

Sai da azumi ya zo liman ya sa baki, sannan ta karɓi kwanon. Ta yafe, na yarda ta yafe, don ta koma wasa da dariya da su. Amma daga ranar ba ta ƙara ba kowa tarkacen nama ba, ko almajiri mai kiwon kyanwa ne. Da kanta take haƙa rami a bayan ɗaki ta binne.

Shekarun da suka biyo baya kukar ta zama fayau. Mushe ya riƙa kwana a kan juji yana kumbura, in iska ta juyo sai an rufe tagogi. Karnuka kuwa suka dawo, a ganina ma sun fi da, wataƙila don abincin da ake rabawa da su ya zama nasu su kaɗai. Ba zan rantse a kan wannan ba, abin da idona ya gani ne kawai. Ba unguwarmu kaɗai ba, mahauta suna cewa ko a mayanka an daina ganin ungulu, kuma dalilan suna da yawa, ba guba kaɗai ba.

Ina jami'a na karanta labarin wata babbar ungulu da ke duwatsun Kudancin Amurka, wadda ita ma take ƙarewa. A can makiyaya ne kan sa maganin ƙwari a mushe don namun dajin da ke cinye musu dabbobi, sai tsuntsayen su sauko su ci. Da na zo hutu na ba Inna labari, na nuna mata hoton a waya. Ta riƙe wayar nesa da fuskarta ta daɗe tana kallo.

"Kai, wannan ai ta fi rago. Su ma can ranar Juma'a suke sa farin kaya?"

Na ce ban jin haka.

"To su mene ne uzurinsu?"

A daminar da ta wuce ne ungulu biyun nan suka bayyana. A lokacin ƙafafunta sun riga sun ƙi, ta bar sana'a, yawanci tana kwance. Ni na gan su da safe, na tsaya na tabbatar ba shaho ba ne, don kada in sa mata rai a banza. Da na faɗa mata sai ta ce, "Maigida, in ƙarya kake na sake ka." Na ce ai miji ke saki. Ta ce a gidan mahauta mai wuƙa ke saki.

Na ɗauke ta cak, ba ta fi yarinya nauyi ba, na zaunar da ita a kujera a ƙofar baya. Suna can reshen sama, sun ƙanƙame kafaɗu. Ba ta kira su ba. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Waɗannan ba su san ni ba. Gara haka." Duk da haka ta sa na riƙa sayo tarkace a wurin mahauta ina watsawa a gindin kuka, ita tana kallo daga kujera, tana gyara mini: ka yi kusa, ka yi nisa, wa ya koya maka jifa.

A makon da jikinta ya tsananta ta sa aka kira mahaifina. Ina ɗakin. Ta kama hannunsa ta ɗora a kan nata.

"Karnuka sun yi yawa, na sani, ina jin haushinsu. Za a zo maka da maganar nan in na tafi. Ku nemi wata hanya. Kada a ƙara sa guba a bakin kududdufin nan."

Ya ce, "In sha Allahu, Inna."

"In sha Allahun nan naka na san shi tun kana yaro, shi kake yi in na aike ka ba ka son zuwa. Ce mini ka yi alkawari."

Ya yi dariya, idonsa ya kawo ruwa. "Na yi alkawari, Inna."

Ta juyo gare ni. "Kai ne shaida. Ko da yake shaidarka sai an haɗa da wataƙila."

Ranar sadakar uku maganar ta taso, a kan tabarmin makokinta. Kare ya ciji 'yar wani tela a hanyar Islamiyya, an kai ta asibiti an fara mata allurai. Telan yana wurin, idonsa ja. Wani daga cikin 'yan kwamitin unguwa ya ce abin ya isa haka, a yi irin na wancan karon. Baffa ya ce shi ma abin da ya gani ke nan. Na kalli mahaifina, yana jan carbi yana kallon ƙasa.

Ba na iya magana a cikin manya. Amma na matsa na ce, "Baba, da ma na ce ko za a kira likitan dabbobi. Akwai wanda muka yi makaranta da shi. Ina jin suna da hanyar kama su, da allurar rigakafi, wataƙila ba sai an..."

Baffa ya katse ni. "Kai, likitan ungulu, ana zaman makoki kana kawo mana zancen mushe?"

Wasu suka yi dariya ƙasa-ƙasa. Ban ce ai su suka fara ba. Mahaifina ya ɗaga kai ya ce, "Za a duba. A bar maganar tukuna."

A ranar na kira abokin nawa. Ya ce zai iya zuwa da abokan aikinsa a mako mai zuwa, in unguwa ta yarda. Na faɗa wa mahaifina bayan isha'i, ya ce, "Madalla, ka kyauta." Na je na faɗa wa telan ma, ya ce Allah ya sa su zo. Hankalina ya kwanta. Na ɗauka an gama.

Ranar sadakar bakwai mahauta suka kawo rago, suka ce ba za a yi sadakar Inna ba nama ba. Aka yanka, aka dafa, aka raba har asibiti. Da yamma na ji Goggo tana tambaya a tsakar gida ina kayan cikin, tana so ta gwada wankewa ko don tunawa. Baffa ya ce ta huta, ya riga ya bayar, akwai masu buƙata.

Washegari rana ta fara fitowa Sista ta buga ƙofar baya da ƙarfi.

"Ɗan Inna, fito! Sun sake!"

Ta tsufa ita ma, mijinta ya fi ta tsufa, amma yana biye da ita da shebur. Ta miƙo mini safar hannu. Ban taɓa taɓa kare ba, mai rai ko matacce. Na kama ƙafafun na farko na ja. Muna haƙa muna ja muna duban sama. Masu dawowa daga masallaci da masu fita kasuwa suna tsayawa daga nesa, wani ya ce sannunku da aiki. Muka binne duk wanda muka gani, muka tsince ragowar naman da aka watsa. A nan na ga guntun tumbi, kore shar, ko ɗauraya ba a yi masa ba, da hanji a naɗe, an barbaɗe su da tsakin nan mai duhu. Na tsaya da shi a hannu. A jiya rago ɗaya aka yanka a layinmu.

Mun ɗauka mun riga ungulun. Ashe wani kare ya ja jiki ya shige cikin ciyawa a bayan kuka, inda ba a hangowa daga juji. Mijin Sista ne ya ji motsi. Da muka zagaya, ɗaya daga cikin biyun tana tsaye kusa da shi, fukafukai a ƙasa, wuya ya fara lanƙwashewa. Sista ta ruga gida ta dako gawayi. Ta san ba zai yi ba, ni ma na sani. A cinyarta ta mutu kafin hantsi.

Ɗayar tana reshen sama duk lokacin, ba ta sauko ba. Ko ta ci ko ba ta ci ba, ban sani ba. Ta yi 'yan kwanaki tana kwana a kukar, na watsa mata nama ta ƙi sauka. Daga nan ban ƙara ganinta ba. Ina so in ce ta koma wani wuri ne, amma ba ni da hujja.

A ranar da ta farkon ta mutu, ko hannu ban wanke ba na shiga zaure. Mahaifina yana zaune shi kaɗai da butar shayi. Na durƙusa daga bakin ƙofa.

"Baba, kayan cikin ragon Inna ne."

Ya ajiye kofin. "Ni ban sayi magani ba. Ban barbaɗa ba, ban watsa ba."

"Amma ka sani?"

Can ya ce, "Ka ga ƙafar yarinyar nan? In 'yarka ce za ka ce a jira mako mai zuwa?"

"Telan da kansa ya yarda a jira, Baba."

"Telan ba shi kaɗai ne mai 'ya'ya ba. Inna ta tafi, Allah ya jiƙanta. Mu ne za mu zauna da mutane." Ya dubi hannuwana da gwiwoyin wandona. "Je ka yi wanka ka sauya kaya. Kada ka hau tabarmar nan, sallah ake yi a kai."

Na tashi na je na yi wankan.

Na yi ta juya maganarsa tun daga ranar, kuma ba zan ce ba shi da gaskiya ko kaɗan ba. Na je na duba yarinyar, na ga ƙafar. Wataƙila in ina da 'ya zan ga abin daban. Amma ba ce masa aka yi ya zaɓi tsuntsu ya bar yaro ba. Mako guda aka nema. Kuma ba kwamiti ne ya ɗora hannunsa a kan na Inna ba.

Allah ya jiƙan Inna, ya yalwata mata makwanci, ya wanke ta fes kamar yadda ta wanke abin da kowa ke ƙyama ta ciyar da bayinsa. Wannan addu'ar ina yin ta da zuciya ɗaya.

Ranar arba'in aka sake taruwa a ƙofar gida. Liman ya ɗaga hannu ya roƙi Allah ya karɓi duk sadakar da aka yi mata tun daga ranar farko, ya ambaci ragon da sunansa, ya ce Allah ya kai ladan kabarinta, kada a rage ko tsoka ɗaya. Mahaifina yana gefena, kafaɗarsa tana taɓa tawa. Na ji aminsa sarai. Tawa ban san ko ta fito ba.